Teɓar Kwikwiyona

Shekarar da hatsi ya yi tsada, ɓarayi suka addabi gonakinmu a Kutama, sai na samo kwikwiyo don gadi. Limaminmu ya ce karen tsaron gona babu laifi, amma kada ya taka cikin gida. Shi ke nan na shiga zarya, safe gona, azahar gona, la'asar gona, kullum da kwanon kunu a hannu.

Cikin mako uku cikinsa ya yi tulu guda. Ni kuma kaina ya fi cikin kumbura. Duk wanda ya zo wucewa sai na tare shi: "Zo ka ga kiwo! Mutane na ramewa, karena na ajiye teɓa."

Maƙwabcin gonata, Malam Sule, ya ce, "To ya na ga haƙarƙarinsa duk a waje?"

Na ce, "Malam, ka bar wa masana."

Ranar da ya kasa tashi yana ta zawo, na sa shi a kwali, na ɗaure a bayan keke, na taka har Gwarzo ko numfashi ban tsaya yi ba. Malamin dabbobi ya latsa cikin sau ɗaya, ya dube ni a gaban masu awaki. "Wa ya ce maka ƙiba ce? Tsutsa ce fal. Ita kake ta kiwo."

Kare ya warke, cikinsa ya sace. Nawa ne ya fito da shekaru suka ja. Har yau in mun fito daga masallaci, Malam Sule sai ya dubi cikina cike da tausayi ya ce, "Masani, wannan ƙiba ce, ko a ɗauko kwali?"