Lauyan Zango Ya Tsaya wa Kalilu

"Ni da shari'a ai kifi ne da ruwa," in ji Misbahu, yana kaɗa hula a majalisar bakin kasuwar Zango. "Kalmar da alƙali zai faɗa, tun tana maƙogwaronsa na san fassararta."

Kai kuwa mai karatu, bari in raɗa maka: iyakar karatun shari'ar Misbahu shi ne shekara biyu da ya yi yana sayar da goro a ƙofar wata kotu a Daura. Daga nan ya dawo gida da sunan Lauya, da wata jaka da babu komai ciki sai ganyen goro.

Ana nan sai aka kawo wa Kalilu dillalin awaki sammaci. Hajiya Maijidda ce ta kai shi ƙara, wai ya sayar da ragonta ba da izininta ba. Kalilu ya garzayo wajen Misbahu da takardar.

"Kwantar da hankalinka," in ji Lauya. "Sammaci gayyatar girma ce. Ba kowane gaja ake aika wa ba."

Suka tafi kotu. Alƙali ya duba takarda ya ce, "Wane ne mai ƙara?"

Misbahu ya miƙe. "Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Duk Zango ba wanda ya fi ni ƙarar murya."

Aka zaunar da shi. Bayan an saurari Hajiya, alƙali ya ce an ɗage shari'a zuwa Litinin. Misbahu ya zunguri Kalilu. "Ka ji ko? An ɗage ta daga kanka. Ka yi nasara, je ka sha iska."

Sai alƙali ya ce za a ba da belinsa, wa zai tsaya masa? Gogan naka ya sake zabura, ƙirji a gaba. Magatakarda ya fara yi masa bayanin abin da zai ɗauka wa kansa.

"Malam, tsayuwa ce za ka koya mini? Tun ina wata tara nake yinta." Ya dangwala hannu.

Kalilu kuwa, da yake an gaya masa ya yi nasara, washegari ya kora awakinsa ya tsallaka Nijar cin kasuwa.

Ranar Litinin kotu ta cika maƙil, har wasu na tsaye a baya, cikinsu har da Larai matar Misbahu. Aka kira Kalilu sau uku, shiru.

Alƙali ya dubi Misbahu ya ce, "Ɗage shari'a jinkirta ta ne. Tsaya wa mutum kuwa alkawari ne za ka kawo shi. Ina yake?"

Lauya ya gyara hula. "To, zan ɗaukaka ƙara." Ya cika huhu, ya kurma ihun da sai da tantabarun rufin kotu suka watse.

"Wannan kuma sunansa raina kotu," in ji alƙali. "A tsare shi har Kalilu ya bayyana, sai fa in akwai mai tsaya masa."

Nan take duk na tsaye suka zube ƙasa, har ɗan sandan bakin ƙofa ya durƙusa. Misbahu ya waiga wajen matarsa, ido ya raina fata.

Larai ta shimfiɗa gyalenta ta zauna daram. "Yi haƙuri, Maigida. Ni na ji fassarar."