Injiniya Gobe da Madarar Afrilu

Allah Ya yi wa Kinangop ta ƙasar Kenya baiwa uku: sanyi, dankali, da Festus Gicheha. Biyun farko ana iya jure su da bargo da gishiri.

Festus ɗan gida ne, a nan aka yanke masa cibiya. Amma tun da ya yi shekara shida a Nairobi yake kallon garin kamar majinyacin da aka turo shi dubawa. Sana'arsa rubuta wa kwamfuta umarni. Haka dai aka ce. Abin da ido ya gani shi ne jaka a baya, farin takalmi, da baki. Kai, baki! In Festus ya fara bayanin abin da zai faru gobe, sai ka ji kunyar kana raye yau. Shi ya sa ake kiransa Injiniya Gobe, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka ba shi.

Gardama ɗaya tak ya taɓa faɗuwa, ita ma ya ce ba ta shiga lissafi don hayaƙi ya shiga masa ido. Ranar da aka kawo awakin sadakin ƙanwarsa ne. Ana gasa nama, Injiniya ya tara samari yana karantar da su harsunan kwamfuta.

"Python na yara ne," in ji shi. "Na sake shi. Go na ragwaye ne, shi ma na sake shi. Yanzu duk mai hankali Rust yake rubutawa. Wanda kuwa har yau yake taɓa PHP, gawa ce da aka manta ba a binne ba."

Wata tsohuwa na gefe da takalmin roba tana feraye dankali. Nyakio ke nan, yayar babansa. Shekara talatin ta yi tana rubuta wa kwamfutocin wani banki umarni kafin ta yi ritaya ta sayi shanu biyu. Injiniya ya san da haka, amma a wurinsa duk abin da ya faru kafin a haife shi jita-jita ne.

"Ɗan nan," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "duk matan nan da ka aura ka saki, wacce ta haifa maka abin da mutane ke amfani da shi?"

"Gwaggo, ba za ki gane ba. Harsashi nake ginawa."

"Shekara nawa yanzu?"

"Huɗu."

"Shekara huɗu kana tonon harsashi? Ai wannan ba gida ba ne, rijiya ce. Ka yi mana magana in ka cim ma ruwa."

Aka tuntsire da dariya, wani har da ƙwarewa da ƙashin akuya. Injiniya ya ce zamani ne zai rama masa.

Abin da ke masa ciwo kuwa a fili yake. Ƙungiyar masu madara ta yankin, gida ɗari uku, da tsarin kwamfutar da tsohuwar nan ta yi take tafiya, kuma da gawar PHP ɗin ta rubuta shi. Ba wani abin kallo ba ne. Kullum da asuba Kibe direban motar madara zai leƙa waje. In ƙasa a bushe take, ya danna ɗaya a 'yar wayarsa, saƙo ya je wa kowa: ku jira a ƙofar gida, mota za ta hau tudu. In an kwana ana ruwa, ya danna biyu: ku ɗora garewani a amalanken jaki ku sauko bakin kwalta. Shekara tara ana haka, madara ba ta taɓa kwana ba.

Zamani kuwa ya zo da wuri. Ƙirƙirarriyar basira ta shigo, kowa a Nairobi ya kamu, har masu gasa masara sai da suka ce na'ura ce ke zaɓar musu gawayi. Injiniya ya dawo gida da allon majigi, ya tsaya gaban taron ƙungiya.

"Iyayena," ya ce, "a wannan ƙarni, arzikin gida ɗari uku ya rataya a kan mutum ɗaya ya leƙa taga? Ni na kawo muku ƙwaƙwalwar da ta haɗiye ilmin duniya. Ba ta barci. Ba ta mura. Ba ta shan giya ranar Asabar."

Kibe ya gyara zama.

"Na raɗa mata suna Mwangaza, wato haske. Ita za ta zana hanya, ita za ta aika saƙo. Nan da shekara biyu babu direba, babu akawu. Nan da biyar ma ina shakkar ko za a buƙaci saniyar."

Shugaban ƙungiya, Baba Karugo, mutum ne da ba ya iya ƙin abin da bai gane ba, don kada a ce bai gane ba. Ya yanke hukunci: a kashe tsarin Nyakio, a gwada Mwangaza wata guda. In ta ci, an sallami tsohon tsari har abada, madarar gida ɗari uku ta koma hannun Injiniya.

Nyakio tambaya ɗaya ta yi. "Da me ka ciyar da ita?"

"Bayanai, Gwaggo. Tafiye-tafiyen motar nan na wata uku cur. Janairu zuwa Maris."

"Uhm," in ji ta. "Maɓallin Kibe fa?"

"Na cire. Ta nan kuskuren ɗan'adam ke shiga."

Ta buɗe baki za ta ƙara, Baba Karugo ya ce a bar yara su ma su taka rawarsu. Kowace akuya a Kinangop ta san Janairu zuwa Maris rani ne. Mwangaza ta haɗiye ilmin duniya, amma ba ta taɓa ganin taɓo ba.

Kwana goma sha ɗaya abu na tafiya sumul. Injiniya ya yi hira da gidan rediyo. Ya sa aka ɗauke shi hoto rungume da saniyar da ba tasa ba. Ya fara gaida Nyakio da irin muryar da ake gaida mai takaba. Ganga in ta cika zaƙi dai an san inda ta nufa.

Rana ta goma sha biyu damina ta sauka da kayanta. Da asuba saƙo ya shigo wayoyi ɗari uku: yanayi mai kyau, ku jira a ƙofar gida. Kibe ya kira shugaba ya ce hanyar tudu ba za ta hawu ba. Shugaba ya ce shi wane ne da zai yi musu da ilmin duniya. Kibe ya ce to. Ya hau. A kwanar farko motar ta nutse har ƙirji, ta kwanta a gicciye, ta toshe hanyar, ko jaki ba ya wucewa.

Nyakio na tsaye da garewaninta biyu, ruwa na bin wuyanta. Ta rubuta wa Mwangaza: mota ta kafe.

Amsa ta zo nan take. "Wannan lura ce mai zurfi! Kin yi gaskiya ƙwarai. Motar na kan hanya."

Ta sake rubutawa: na ce ta kafe, 'yar banza.

"Ina neman afuwa, kuma na gode da haƙurinki. Motar na kan hanya."

Tarbiyya kam an ba ta. Sai dai ladabi ba ya sanyaya madara. Babbar tankar kamfanin da ke sayen madarar ta jira motar Kibe a kwalta har hantsi, ta juya babu komai. Kafin a samo tarakta rana ta yi, kafin taraktar ita ma ta kafe la'asar ta yi. Madarar gida ɗari uku ta yi tsami. Ranar aladun Kinangop suka yi bikin da kakanninsu ba su gani ba.

Washegari aka cika ɗakin taro, kowa da laka har gwiwa, ban da mutum ɗaya. Injiniya ya iso an goyo shi a babur, ya ɗaga ƙafafu sama don farin takalmi. Ta taga ana hango motar a kan tudu, tana nan kwance yadda ta kwana.

Bai zo ba da haƙuri ba, ya zo da bayani. Ya ce laifin na Python ne, don wani ɗan sashe da bai gama mayarwa Rust ba. Ya ce kowane juyin juya hali da 'yan asararsa. Ya ce a ƙara masa wata shida da sabuwar kwamfuta. Baba Karugo har ya fara gyaɗa kai, don an ambaci kalmomi uku da bai sani ba. Aka rabu biyu, masu cewa a kore shi da masu cewa kada duniya ta wuce mu. Hayaniya ta kai awa guda.

Nyakio ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa.

"Ni ban zo faɗan harshe ba, ɗan nan. Rubuta da na aljanu ma in ka iya. Abu ɗaya zan tambaye ka a gaban iyayenka. Jiya aikinka ya yi, ko bai yi ba?"

Amsar da ya ba ta ita ta kashe gardamar. Ko ƙuri'a ba a kaɗa ba. Baba Karugo da kansa ya miƙa wa Nyakio makullin ofis, Kibe ya zaro 'yar wayarsa yana goge maɓallin biyu da gefen riga. Har yau Injiniya na ba da labari a Nairobi cewa magana ɗaya ya yi, ɗaki guda ya rasa ta cewa. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Ga amsar tasa: ya buɗe kwamfutarsa, ya juyo da ita wajen jama'a, ya bai wa tagar baya, ya ce:

"Ni dai ban san abin da kuka yi wa hanyarku ba. A kwamfutata, motar nan ta iso tun ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu."