Ankon da Na Kai Marina

Ba zan taɓa mantawa da bikin autana Sabo ba.

Ni mai bandar kifi ce a Auyo. Ban yi boko ba. Launin da na sani shi ne ja, baƙi, kore, shuɗi. Ambaliya ta sha cinye mini ɗaki, na kuma san yadda zane ke komawa in an tsamo shi daga ruwa: fari-fari, kamar marar jini.

Dangin amarya 'yan cikin garin Haɗeja ne. Suka aiko mana da shaddar anko, tawa da ta ƙannena. Na kwance ƙullin na duba. Ba ja ba, ba fara ba, kamar kunun da aka cika wa ruwa. Na ce wato kwantai koɗaɗɗe suka ba mu, don mu 'yan fadama ne. Ban yi faɗa ba (ni ba na faɗa, aiki nake yi). Na kwasa na kai wa marini.

Ya ce, "Iya, sabuwa ce fa."

Na ce, "Rina."

Ya rina ta shuɗi mai duhu, har tana ƙyalli.

Ranar walima muka shiga ɗakin taro a jere. Na tsaya cak. Labule, kujeru, ƙawayen amarya, duk launin kunun nan. Mu kaɗai, kamar hadari ya sauka a gonar auduga.

Uwar amarya ta taso. "Hajiya, ina ankon?"

"Ga shi a jikinmu. Na gyara shi."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Fic ɗin kika rina?"

Wata ƙawar amarya ta raɗa mini, "Sunan kalar ke nan da Turanci, Iya. Akwai fic, akwai lailak, akwai bebi fink. Da gangan ake yin su haka."

Da gangan! Ashe har koɗewa suna gare ta.

Na hango Sabo a gaban surukansa, kai a ƙasa, gumi ya jiƙa masa hula. Ya matso ya ce, "Inna, da kin kira ni mana."

"Da na kira ka, ai da ka hana ni."

Amarya ce ta cece mu. Ta tuntsire da dariya har kwallinta ya zubo, ta jawo ni kusa da ita aka ɗauki hoto.

Yanzu ko tsumma aka miƙo mini, sai na tambayi sunan launinsa da Turanci kafin in raina shi.