Ranar da Na Kutsa Makarantar Ɗan Farina

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ba, wadda sauro ya yi mana sansani a Unguwar Shanu, gida-gida sai nishin masu zazzaɓi. Ɗan farina ya kwana jikinsa kamar garwashi, da safe ya sulale makaranta, cikinsa wayam.

Na dama koko, na dafa masa sabara, na bi sawu. Maigadi ya tare ƙofa. "'Yata, sai an tashi. Dokar hedimasta ce."

Ga allo rataye: an hana shiga ba izini. Na karanta shi sarai (amfanin Yaƙi da Jahilci ke nan, ya hana ni cewa ban sani ba). Na yi wa tsohon godiya, na zagaya baya, na kutsa ta shingen bini-da-zugu. Reshe ya riƙe mini mayafi, santsi ya kwashe ni, sai ga ni zaune cikin taɓo a gindin tagar aji. Koko dai bai zube ba.

Aka kai ni gaban hedimasta, ya aika a kira ɗan sanda, don a lokacin ana ta raɗe-raɗin masu satar yara.

"Baiwar Allah," in ji ɗan sandan, "kutsawa makaranta ko gidan wani ba izini laifi ne, har ɗauri ake yi. Wa kika zo nema?"

"Yarona, ranka ya daɗe."

"Sunansa?"

To, nan gizo ke saƙa. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Wace mai kunya za ta kama wannan suna da bakinta, a gaban maza?

"Abba muke ce masa."

Hedimasta ya ce, "Rabin makarantar nan Abba ne a gidajensu."

Aka zaga da ni aji-aji. Na hango shi a lungu, amma ja'irin, da ya ga uwarsa shafe da taɓo, sai ya cusa kai ƙarƙashin benci.

Ɗan sandan ya ce, "Ki faɗa, ko mu tafi caji ofis."

Na ce a hankali, "Mu je. Amma a ba ni alli tukuna."

Na rubuta sunan a allon aji, haruffa na gangarowa kamar awaki a kan tudu, ɗaya ma ya juya baya. Yara suka kwashe da dariya. Malaminsu ya kira sunan, aka zaro mini ɗana, goshinsa zau. Ɗan sanda ya taɓa shi, ya ce mu tafi, kada in ƙara.

Na koyi darasi: wadda za ta karya doka, kada ta sa mayafin fita unguwa. Nadama kuwa ban yi ba, sunan ma har yau bai fita daga bakina ba.

Washegari na bar shi kwance yana shan magani, na tafi da ƙosai na tsaya a ƙofar makaranta, na miƙa wa maigadi.

"Baba, ga wannan. Kuma ku toshe ramin shingen nan, kowa ma sai ya shiga."