Tattasan Baban Hajara da lambar da na ce ba ta rabuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kawuna ya raka ni ƙauyen Badafi gaida mahaifin Hajara, yarinyar da nake nema da aure, ba. Lokacin ina sabon malamin lissafi a wata sakandare a Kiru, kaina ya fi kwando girma. Hajara ta riga ta tsegunta mini cewa Baba bai gama amincewa da ni ba, wai 'yan boko surutu ne da su. Tun a mota Kawu ya ja mini kunne: in gaisa, in sunkuyar da kai, in yi shiru.

Na yi shirun kuwa, har sai da hira ta gangaro kan noma. Baba ya ce bana tattasai dubu bakwai da ɗari uku da tamanin da bakwai ya dasa. Ai ina jin lambar nan bakina ya fara ƙaiƙayi. Na raba ta da biyu a zuci, ta ƙi, mara ce. Uku ta ƙi, biyar ta ƙi, bakwai ta bar saura biyu. Sha ɗaya da sha uku ma haka. A nan na tsaya (in ɗalibina ya yi wannan ragwancin, jan biro zai sha).

Na gyara zama na sanar da dattawan da muka tarar a zauren cewa lambar Baba ta musamman ce, irin waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Kawu yana ta taka mini ƙafa, ni kuwa na ɗauki zafi. Har na ƙara da cewa duk duniya babu mai iya jera tattasan nan layi-layi daidai, dole wani layin ya yi gibi.

Baba ya dube ni ya ce, "Malam, kana tsammanin ɗaya-ɗaya na bi na ƙirga su?"

Ashe da igiya yake dashe, mai ƙulli tamanin da tara, kowane ƙulli tushe ɗaya. Ya ja ta sau tamanin da uku. Shi ninkawa kawai ya yi ya samu lambar da na rantse ba ta rabuwa. Wallahi ji na yi kamar tabarmar ta naɗe ni. Wani tsoho ya yi dariya har da tari, Kawu kuwa ya kafa wa rufin zaure ido kamar bai taɓa sanina ba.

Baba bai ƙyale ni ba, ya ce mu je in gani da idona. Haka na bi gona da farar shadda da takalmi sau-ciki, ina ƙirga layi da ƙarfi, dattawa na biye da ni suna taya ni. Da na kai tamanin da uku, na durƙusa a cikin laka na ce, "Baba, na yi kuskure, ka fi ni lissafi."

Baba ya juya wajen Kawu yana murmushi ya ce, "Yaron da zai faɗi haka a gaban mutane, a turo magabatansa."

Yau 'ya'yanmu uku da Hajara. Har yanzu ina koyar da lissafi, amma in manomi ya faɗi lamba, nakan fara tambayarsa yadda ya ƙirga kafin in buɗe wannan bakin nawa.