Injiniya da Ɗigon Man Giya

Kowace unguwa da irin arzikin da Allah ya ba ta. Wata ruwan famfo, wata kwalta, wata wutar da ba ta ɗaukewa. Unguwar da nake ba ku labari ba ta sami ko ɗaya ba, amma ta sami wanda ya fi su duka, domin ta sami Injiniya.

Kada a tambaye ni makarantar da ya yi, mutum irinsa ba makaranta ke yin sa ba. Ya taɓa riƙe makullin sito a wani kamfani, inda injiniyoyi ke zuwa karɓar safar hannu da takalmin aiki, kuma gaisuwar da suke yi da shi kaɗai ta ishe shi tsotse ilimin da suka yi shekaru suna wahala a kai. Tun daga nan babu fankar da ta tsaya a layin gidansu, babu rediyon da ya shaƙe, da bai ba da fatawa a kansa ba. Ko ya gyaru ko bai gyaru ba, wannan kuma laifin masu ƙerawa ne. A gabansa sunansa Injiniya. In ya ba da baya, Ba-a-Koya-Mini.

Ana nan sai yayan matarsa, mutum mai hali da haƙuri, ya tashi doguwar tafiya ta aiki. Ya kawo wani shirgegen baƙin babur ya ajiye a zauren Injiniya, ya ce a riƙa tayar da shi jefi-jefi don kada batir ya mutu, kuma don Allah kada a taɓa komai. Ƙurar motarsa ba ta gama kwantawa ba Injiniya ya fito da babur ƙofar gida, ya kafa hular kwano, ya murɗa har tagogi suka yi rawa.

"Na daɗe ina nazari kafin in saya," in ji shi ga mutanen da ke zama a ƙofar shagon tela. "Ku duba da kyau, kun ga sarƙa? Babu. Sarƙa ta masu ƙaramin ƙarfi ce. Wannan sandar ƙarfe ce ke ɗauko ƙarfi daga inji, ta kai shi wancan ɗan akwatin giya da ke jikin tayar baya. To amma ina za ku gane?"

Ranar aka tashi daga kujera mai majingina aka ba shi. Mai aski ya daina ce masa ya jira layi. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna gaishe shi da hannu biyu, shi kuwa yana amsawa da yatsa ɗaya.

Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma ilimi irin nasa ba ya zama wuri ɗaya. Wata safiya ya kwance notin ramin da ake zuba mai a wannan akwatin giya, ya leƙa, ya ga man ya tsaya daidai bakin ramin, sama kuwa fili. Ka san haka masu ƙera abin suka so, domin in mai ya yi zafi yana kumbura, sai an bar masa wuri, har suka yi masa ɗan hanci a can sama inda iska ke fita. Injiniya ya girgiza kai don takaicin rowar mutane.

"Babban babur kamar wannan a ba shi mai rabin ciki? Haba!"

Ya kishingiɗar da babur jikin bango don ramin ya kalli sama, ya sa mazurari, ya ɗura man giya mai kauri har ya tumbatsa. Ya ɗaure, ya zaga gari. Da man ya yi zafi ya rasa wurin zama, sai ya bi ta ɗan hancin nan ya gangaro. Washegari matarsa na shara ta ga baƙin tabo a ƙasan zaure, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Baban yara, babur ɗin Yaya fa yana zubar da wani abu. Kuma ya bugo waya, ya ce ƙarshen makon nan yana hanya."

Gaskiya Injiniya ya tsorata. In Yaya ya dawo ya tarar da tabo a amanarsa, zai yi magana, in ya yi magana kuwa unguwa za ta ji mai babur na ainihi. Dabarar da ya shirya tun farko ita ce ya mayar da babur lafiya lau a ɓoye, ya ce wa mutane ya sayar don ya yi masa ƙanƙanta. Amma ya dake, ya ce mata, "Ba zuba ba ne, gumi ne. Kuma a daina ambaton Yaya da ƙarfi, zaure na da kunne."

Ya taɓa ji a waya cewa in ana neman inda mai ke fita, a wanke wurin tas, a barbaɗa hoda, a ɗan yi tafiya, sai man ya zana hanyarsa a kan fari. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ba. Ya ɗauko hodar matarsa ta fita unguwa ya zazzage wa gindin babur, har ya yi fari fat yana ƙamshi. Ya zagaya ya dawo, jama'a suka taru. Ga layin mai nan ɓaro-ɓaro, ya taso daga ɗan hancin sama ya gangaro ƙasa. Ko makaho ya shafa ya san inda gizo ke saƙa.

Injiniya ya tsuguna, ya gyara tabarau, ya yi dogon nazari. "Kun ga wannan rami? Kuskuren kamfani ne. Sun manta ba su toshe ba. Yau da a hannun jahili babur ɗin yake, da shi ke nan."

Ya kwaɓa gam irin mai daskarewa kamar dutse, ya liƙe hancin ruf. Ɗigo ya tsaya. Ya yi yini guda yana karɓar barka, har ya yi alkawarin rubuta wa kamfanin wasiƙar gargaɗi.

Amma wanda aka toshe wa hanci dole ya nemi wata ƙofa. A fita ta gaba, iska da mai suka taru suka rasa mafita, suka tura zoben robar da ke tare mai a bakin taya, wanda ake kira sil, suka fasa shi. Da ɗigo ne, yanzu tsiyaya ce. Mai ya wanke taya, ya shiga birkin baya. Injiniya ya zo tsayawa ƙofar shagon tela cikin isa, ya taka birki, babur ya ce bai san zancen ba, sai da ya tafi da bencin mutane ya tsaya a jikin buhunan mai kanti.

"Gwaji nake yi," in ji shi yana karkaɗe gwiwa.

Tela, da yake yana da tausayi, ya ce ko a kai wa masu gyaran manyan babura a can bakin titi. Wai! Kamar ya zagi kakansa.

"Ni? In kai wa yaran da ko sunan ƙarfe ba su sani ba? In likita ya yi ciwo, wurin mai sayar da ganye zai je?"

Tunda mai ya zube, sai ya ƙara mai. Tunda an ƙara mai, sai zuba ta ƙaru. Daga nan ya gano cewa notin ƙasa, na tsiyaye tsohon mai, shi ne munafukin. Ya sa sifana ya ɗaure. Bai gamsu ba, ya zura wa sifanar guntun bututu don ƙarin ƙarfi, ya hau kai da ƙafa. Sai ji aka yi ƙas! Noti ya cinye haƙoransa, ya koma juyawa sakaka kamar ba shi da uwa. Garin neman gira an fara rasa ido, amma Injiniya ya ce dama so yake ya buɗe ciki ya ga asalin cutar.

Ranar da ake sa ran Yaya da yamma, tun da hantsi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ya cire taya. Abin da ya ƙi fita da sifana ya fita da guduma. Ya jera haƙoran giya da ƙwallayen boris a babban farantin matarsa, wasu ƙwallayen suka gangara kwata, ya ce dama sun yi yawa. Zufa na keto masa, amma da ya ga mutane sun kewaye shi sai tsoro ya gudu, baki ya buɗe.

"Ku matso ku ƙaru. Lokacin da na je sayen babur ɗin nan, na ce wa mai kamfanin ido da ido, akwatin nan naku akwai gyara. Ya riƙe hannuna ya ce, ranka ya daɗe, da muna da irinka..."

Bai lura da motar da ta tsaya a bayansa ba. Yaya ya yi sammako. Ya fito da jaka a hannu, ya ratsa mutane, ya tsaya a kan tabarma. Ya dubi babur tsaye da ƙafa ɗaya, ya dubi faranti, ya dubi gam ɗin da aka liƙa wa hanci.

"Wa ya yi wa babur ɗina haka?"

Mai aski ya juya ya kalli tela, tela ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe.

"Yaya, sannu da hanya," in ji Injiniya da wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba. "Ai ɗan bincike ne."

Yaya ya ɗaga kai. Ya hango ƙanwarsa a bakin zaure ta rufe fuska da mayafi don kunya, sai ransa ya yi sanyi. Ya sauke numfashi.

"Na ji ka ce kai ka saya. To, ba zan mai da mijin ƙanwata maƙaryaci a gaban mutane ba. Na bar maka shi, duniya da lahira."

Ya shiga mota ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Majiya ƙarfi suka kinkimi babur zuwa zaure, tela ya bi su da taya, mai kanti da faranti.

Kashegari Injiniya ya fito majalisa, ya tarar wani na kan kujera mai majingina, bai ko motsa ba. Ya raɓa ƙarshen benci, ya gyara murya, ya kaɗa makullin babur a yatsa.

"Kun dai ji da kunnenku. Nawa ne."

"Mun ji, Injiniya, Allah ya sanya alheri," in ji mai aski. "Hau mu gani."