Rasuwar Hoton Baba Mai Suna Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Baba Mai Agogo yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hotonsa, wanda aka ɗauke shi yana ɗan shekara talatin da biyu, gashi baƙi wuluk, haƙora a jere babu giɓi. Tun da gara ta cinye na takardar, na cikin na'ura kaɗai ya rage.

Marigayin mai haƙuri ne, bai taɓa tsufa ba. Shekara goma sha tara yana kan kalandar shago, kuma shi Baba ya ware domin sanarwar tasa rasuwar, sai ga shi ya riga shi.

Suna uku yake amsawa. A kwamfutar shago HOTON BABA ne, da manyan baƙaƙe, bayan alamar rubutun nan mai kama da 'yar sanda da ta karkata hagu. A ta babbar 'yarsa hoton baba ne da ƙanana, sandar ta karkata dama. Waya kuwa, da yake ba ta da kunya, lamba kawai take kiransa. Amma ɗaki ɗaya yake kwana a ma'ajiyar intanet, rai ɗaya gare shi. Ta duk ƙofar da aka ƙwanƙwasa, ƙyas-ƙyas, sai ya fito yana murmushi.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Ranar Talata da hantsi surukin Baba, mutumin kirki mai son tsabta, ya ga suna uku, ya ɗauka 'yan uku ne suka cika wuri. Ya share guda don a samu sarari, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar, aikin da bai taɓa yi a gidansa ba. Nan take ukun suka faɗi tare. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce: tin!

Ya bar marayun sunaye biyu masu nuna ƙofar da babu kowa ciki, da firam ɗin rataye hoto sabo fil, da suruki guda wanda har yau bai ɗago kai ba.

Ba a samu gawa ba, don haka babu zuwa maƙabarta. Za a karɓi gaisuwa a shago ranar Asabar da ƙarfe goma, ta agogon da ke tsakiya, sauran ba su da tabbas. Mai tsohuwar kalanda ya taimaka ya zo da ita. In ba a samu ba, mai hoto zai ɗauki magajin marigayin a nan take, kuma Baba ya roƙi kada wanda ya ce masa ya yi murmushi.